Ɗorawa Uku a Bakin Hanyar Bomo

Ranar babbar sallar da ta wuce, bayan an gama rabon nama, ina zaune a zaure ina wanke wuƙa, na ji ku a tsakar gida, kai Sani da kai Nuhu. Kun ɗauka kunnena ya mutu. Bai mutu ba, tsufa ne ya koya masa zaɓen abin da zai amsa. Sani ya ce Baba yana da fili a bakin hanyar Bomo, gidajen ɗalibai sun zagaye shi gaba da baya, amma har yau masara yake shukawa a ciki kamar wanda bai san zamani ya juya ba. Nuhu ya yi dariya, ya ce ai an taɓa yi wa Baba tayin gida sukutum a kan wurin, ya ƙi, wai saboda itace. Ban tanka muku ba, don ba a gyara magana ranar sallah da wuƙa a hannu. Amma na ƙudurta zan zauna in rubuta yadda abin ya kasance. Karatuna bai wuce firamare ba, sauran duk a shagon kafinta na yi shi, don haka kada ku nemi ado. Zan bi maganar yadda nake haɗa ƙofa: a fara aunawa, sannan a yanka, sannan a buga ƙusa.

Abin aunawa na farko shi ne ƙasar kanta, domin kun san ta ne ta gilashin mota, ni kuwa da ƙafa da keke na san ta. A lokacin muna haya a Muchia, ina aiki a shagon wani kafinta mutumin kudu a Sabon Gari, kuma shago ba ya buɗewa ranar Lahadi. Don haka Lahadi ta zama ranar gonata. Ina fita da sanyin safiya, in bi ta Kwangila, in wuce Palladan, in shiga Samaru. A kasuwar Samaru nakan tsaya in sha koko, sannan in karya in haura titin jirgi zuwa Hayin Dogo. Daga nan gari ya ƙare a wancan zamanin. Abin da ke gabanka sai jar ƙasa, tudu shimfiɗe, dawa da masara da gyaɗa, da ɗorawa da kaɗanya tsaye jefi-jefi a cikin gonaki. In ka ci gaba ƙasa takan fara gangara a hankali, ja ya koma toka-toka, toka-toka ya koma baƙi, ka shiga fadama. A nan rake yake, da tumatir da albasa da rani, da tafkin Bomo inda balbelu ke sauka da yamma har ruwan ya yi fari. Duk baƙon da na yi daga nesa, haka nake zagayawa da shi bi da bi: tudu tukuna, sannan fadama, sannan tafki, a sare masa rake ya sha a bakin ruwa. A kan hanyar dawowa sai in tsayar da shi a gonarmu, inda ƙasa ta fi tashi, in juya shi wajen kudu. In gari ya waye sarai, daga nan ana hango dutsen Kufena kwance kamar raƙumin da ya durƙusa. Ban taɓa nuna wa mutum wannan ya ce ya yi asarar tafiyarsa ba.

Gonar nan ta tudu ita ce rabona da mahaifinmu ya rasu. Baffanku Sule ya ɗauki ta fadama, don shi manomi ne na gaske, ni kuwa manomin Lahadi. Ba a yi gardama ba. Amma ranar rabon, da aka zo bakin hanya inda ɗorawa uku suke tsaye a jere, dattijon da ke nuna iyaka ya dafa ta tsakiya ya dube ni.

"Ka dai sani ko? Ƙasa taka ce. Waɗannan na Hansatu ne."

Na ce na sani. Kowa ya sani. Hansatu ita ce Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ku maza ba ku zauna da ita sosai ba, yayarku Uwani ce ta san ta, kuma sunanta ta ci. A ƙasarmu gona daban, itacen da ke cikinta daban. Mutum zai iya mallakar ƙasa ya noma ta har jikin saiwa, amma 'ya'yan itacen na wani ne, kuma ba ya tsinka, ba ya sarewa, sai da izinin mai shi. Kakanmu ya ba Gwaggo waɗannan ɗorawa tun tana budurwa. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta na biyu ya rasu, ta dawo gidanmu na Bomo ta zauna a ɗakinta. Mace a irin wannan hali a kan ga ta koma ƙuryar ɗaki tana jiran a miƙo mata tuwo. Gwaggo ba ta taɓa jira ba. Da bazara takan kaɗe ɗorawarta, ta daka ta raba gari da kalwa, garin ta sayar wa yara da masu kunu, ɓawon ta ba masu daɓe su yi makubar da ke ƙarfafa shi, kalwar kuma ta adana a buhu tana yin daddawa da ita shekara ta zagayo. Duk mako takan hau mota ta zo kasuwar Sabon Gari da ƙwaryarta, in ta sayar ta biyo ta Muchia. Ba ta taɓa shigo mana hannu rabbana ba. Ni take kira Babana, don sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta iya faɗa.

Yanzu sai ɗakin Muchia, don in ba ku san shi ba ba za ku san nauyin abin da na ƙi ba. Ciki da falo ne a gidan haya mai ɗakuna da yawa, Hausawa da Yarbawa da Inyamurai, famfo ɗaya, makewayi ɗaya. Mutanen kirki ne, ba na ɓata su. Amma kwanon rufin ya tsufa, mai gidan kuma duk shekara sai ya ce baɗi. Ni kafinta ne, na hau na toshe abin da zai tosu, sai dai kwanon da ya ruɓe ba ya riƙe ƙusa. In hadari ya taso, mahaifiyarku Asabe takan jera robobi da tukwane a ƙasa, ta naɗe katifa ta jingine. A shekarar da nake ba ku labari, Uwani ta shiga makaranta, Sani yana tatata, Asabe kuma tana da cikin Nuhu, haihuwa za ta faɗo tsakiyar damina.

A cikin sanyin shekarar ne wani dillali, Alhaji Bala, ya same ni a shago. Ya ce ɗalibai sun yi wa Samaru yawa, sun tsallaka Hayin Dogo suna neman ɗaki, yana da mai son gina musu. Ba sayarwa yake so in yi ba, musaya ce. In ba su gaban gonar, wajen hanya, su kuma su gina mini gida na bulo a bayanta, ɗaki uku da rijiya, kafin ruwa ya sauka. Na ce akwai ɗorawa a gaban. Ya ce ai ita ce za a fara kawarwa, saiwarta tana ɗaga harsashin gini, ga jemagu in ta yi fure, ɗalibai ba za su zauna a ƙarƙashin kashin jemage ba. Na ce a ja ginin baya. Ya ce wanda zai zuba dukiyarsa bakin hanya yake so, ba bayan itace ba.

Da na faɗa wa Asabe, tana tankaɗe ne. Ta ajiye rariya.

"Malam, sake faɗa. Ɗaki nawa?"

"Uku. Da rijiya."

"Rijiyarmu mu kaɗai? Ba layi?"

"Ba layi."

"To me kake jira, tsayuwar wata?"

"Itatuwan ba nawa ba ne. Sai na tambayi Gwaggo."

"Gwaggo ai ba za ta hana ka ba. Wa take da shi in ba kai ba?"

Ta faɗi gaskiya, kuma a cikin gaskiyar nan matsalar take, amma ban gane ba tukuna. A daren ba a yi maganar komai ba sai inda za a sa gado da inda za a kafa murhu. Har Uwani ta zaɓi ɗakinta.

Lahadi na wuce gona ban tsaya ba, na zarce Bomo. Ɗorawa ta yi tutu a lokacin, jajayen furanni suna reto kamar an rataye su da zare. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana shanya daddawa a kan tabarma. Na cire takalmi, na durƙusa, muka gaisa har ƙarshen gaisuwa, ban tsallake ko ɗaya ba. Sannan na kawo maganar a jere: ga halin ɗakinmu, ga cikin Asabe, ga tayin da aka yi, ga abin da ya tsaya a tsakani. Tana saurare tana juya daddawa ɗaya bayan ɗaya. Da na gama ba ta ɗago ba.

"To, Babana. A sare mana. Itace ya fi mutum ne?"

"Gwaggo, ba dole. In ba ki so, magana ta mutu a nan."

"Na ce maka to. Abu ɗaya nike roƙo. Ka ga ta riga ta yi tutu. A bari na bana ya nuna in kaɗe, kada a kashe ta da ciki."

Na ce wannan ba abin roƙo ba ne. Na koma na gaya wa Alhaji Bala sai bayan kaɗar ɗorawa. Ya yi tsaki, ya ce lokaci zai ƙure, amma ya yarda, ya ce magina za su yi sauri. Aka zo aka kafa turaku a gonar, aka ja igiya. Ni da kaina na je na yi magana da mai injin yankan itace. Na ma riga na raba katakon a zuciyata, wannan na ƙyaure, wannan na benci. Ban ɓoye muku wannan ba don ku san ba tsoron sara ne ya hana ni ba.

Bazara ta shigo da zafinta, 'ya'yan ɗorawa suka bushe suka yi duhu. Gwaggo ta aiko cewa ranar Lahadi za a kaɗe. Tun da na gaji gonar ban taɓa tsayawa kallon kaɗar ba, aikin mata ne, nakan bar musu wurin. Amma wannan karon na ce tunda na ƙarshe ne zan je. Asabe cikinta ya yi nauyi, ba ta je ba. Na ɗauki Uwani a keke. Maƙwabciyarmu ta gidan haya, Mama Titi, wata Bayarbiya mai sayar da kayan miya a kasuwar Sabon Gari, ta ce ita ma za ta biyo mu a mota. Shekara da shekaru wajen Gwaggo take sayen kalwa tana yin irin tasu daddawar.

Na isa na tarar da gindin itatuwan cike da mata, daga Bomo, daga Hayin Dogo, wasu ma ban san su ba. Gwaggo tana tsakiya da doguwar gorarta mai ƙugiya a kai, ta ɗaure ɗankwali tamau. Tsohuwar da nake gani tana tafiya a duƙe ta miƙe tsaye. Ita ke nuna reshen da za a fara da wanda za a bari sai rana ta yi sanyi. Ita ke cewa wance ki tara nan, wance ki kai can. Ana ja, 'ya'ya suna zubowa, yara suna wawaso bakinsu duk ya yi rawaya. Ana tsokanarta tana ramawa.

"Gwaggo, wannan reshen ya fi ƙarfinki, kawo gorar."

"Ke da kika kasa riƙe miji za ki riƙe gora? Matsa mani."

Aka kwashe da dariya. Na zauna a kan kunyar noma ina kallo. Na lura da tsarin rabon, don ni ina son abu mai tsari. Duk wadda ta taya aiki tana da kasonta. Bayan su akwai kason da ta ware gefe: na wata makauniya a Bomo, na matar liman, na wata mai jego da mijinta ya tafi ci-rani. Sai ta kira yaro ta ce kai wa wance, ka ce ina gaishe ta. Sauran aka ɗura a buhuna. Har nan ban ga abin da zai canza mini shawara ba. Na ji daɗi ma, na ce an rabu lafiya.

Da la'asar aka gama. Mata suka fara ɗaukar kaya. Sai Gwaggo ta ɗaga murya.

"To jama'a, Allah ya saka. Baɗi kowa ta nemi wata inuwar, nan gida za a yi. Babana zai tare."

Aka yi ta Allah ya sa alheri, ana juyowa ana yi mini murna. Sannan ta kira wata mata mai suna Lami, ta miƙa mata gorar.

"Ungo. Ki riƙa shafa mata mai, kada ta tsage."

"Gwaggo, gorarki?"

"Me zan kaɗa da ita, sauro?"

Ta juya wajen Mama Titi ta ce babbar tukunyar da take dafa kalwa, in waɗannan buhunan sun ƙare, ta aiko a ɗauka. Mama Titi ta riƙe haɓa. Hausarta ta Sabon Gari ce, amma ba ta taɓa hana ta faɗin abin da ke ranta ba.

"Ah ah, Gwaggo! Kin ba da sanda, kin ba da tukunya. To wane abu zai kawo ki kasuwa kuma? Wa zan yi faɗa da shi a kan mudu?"

"Kasuwa ta ishe ni haka, Titi. Na tsufa. Zama zan yi."

"Zama? Ke? Mutum yana raba kayansa da ransa?"

Gwaggo ta yi dariya. Mutane suka watse, ya rage ni da ita da Uwani, da turakun Alhaji Bala da igiyarsu. Ta zagaya itatuwan tana tsintar abin da ya rage a ƙasa, ta zo ta zauna kusa da ni a kan kunya. Ta dubi igiyar. Sannan ta yi magana da wata murya ƙasa-ƙasa wadda ban san ta da ita ba.

"Babana, in an gama ginin, ko akwai ɗan lungu kusa da ƙofa? Ba sai babba ba. Ba zan dami Asabe ba. Abin da aka ba ni shi zan ci."

Tun ina yaro nake ganin matar nan. Na ga ta binne miji, na ga ta yi jinya, na ga shekarar da fari ya cinye dawa. Ban taɓa jin ta roƙi ko gishiri a hannun wani ba. Yau ga ta tana neman lungu, tana alkawarin cin abin da aka ba ta, tun ba a kunna injin ba. A nan na gane abin da na tambaye ta ran nan a Bomo. Ni na ɗauka itace uku na roƙa. Ashe ƙafarta na roƙa da take zuwa kasuwa da ita, da hannun da take miƙa wa makauniya, da bakin da take rama tsokana. Kuma ta ba ni, don a wurinmu gwaggo ba ta hana ɗan wanta rufin asiri, ko da abin da ya nema shi ne numfashinta. Ta ce to ne don ba ta da wata kalmar da al'ada ta bar mata. Ni ba na yanke magana ina cikin motsin rai. Na ce za mu yi magana. Na raka ta har gida, na ɗauki Uwani muka koma Muchia.

Na kwana biyu ina auna abin ta kowane gefe. A rana ta uku na fara zuwa wurin Alhaji Bala na ce a zo a cire turaku. Ya ce mini abubuwa da dama, mafi sauƙinsu shi ne talaka ba ya son a taimake shi. Na ce na gode. Daga nan na je na sallami mai inji. Sannan na bi ta wurin Lami na karɓo gorar, na kai Bomo na jingine a ƙofar ɗakin Gwaggo. Ta fito ta gan ta, ta dube ni.

"Wannan fa?"

"An fasa, Gwaggo. Ki aika wa Mama Titi ta nemi tukunyarta a wani wurin."

"Kai Babana, ba ka da hankali? Yarinyar mutane na da ciki!"

Ta yi mini faɗa sosai, har da cewa in koma in ba dillali haƙuri. Amma tana faɗan hannunta na kan gorar, tana shafa ta daga sama zuwa ƙasa tana duba ko ta tsage.

Na bar mafi wuya a ƙarshe. Na sami Asabe tana wanki a bakin famfo, na ce ta shigo ciki. Na gaya mata duka, a jere, yadda na gaya muku. Ta saurara har na gama, ta share hannu a zani.

"Ta ce maka a'a ne?"

"Ta ce to."

"Ta ce to, kai ka ce a'a a madadinta. To ni wa zai ce a'a a madadina? Malam, jemagu sun fi mu gata ke nan. Su an bar musu gidansu, mu mu ci gaba da tara ruwa a roba."

"Zan gina miki, Asabe. Da hannuna."

"Yaushe? In wannan na cikin ya yi gemu?"

Na tashi na fita. Ta yi makonni ba ta ce mini komai ba sai ga abinci, sai a dawo lafiya. Uwani ta yi kuka don ɗakinta. Ruwa ya sauka, kuma damina ce mai ƙarfi. A wannan ɗakin aka haife ka, Nuhu, ana ruwa, Mama Titi tana riƙe da lema a kan gadon. Ka yi tari a wannan daminar har muka tsorata, kuma ban taɓa ce wa mahaifiyarka ba sanyin ɗakin ne ya jawo ba. Wannan shi ne kuɗin shawarata, kuma ba ni na fi biya ba, ita da ku ne. Na san haka a ranar da na yanke, na kuma sani yau.

Gwaggo ta zo ranar suna ba ta koma ba sai bayan arba'in. Ita ta yi wa Asabe wankan jego, ita ta yi ta dafa maka magani, Nuhu, ita ke tashi ta kwashe robobi in sun cika. Su biyun ba su taɓa tayar da maganar itatuwan a gabana ba. Abin da na sani shi ne kafin ta koma Bomo, Asabe ta iya surfa kalwa, ta san yadda ake rufe ta da ganye har ta yi. Gidan da kuka tashi a ciki a Hayin Dogo kuwa, sai da Sani ya kusa gama firamare muka tare. Bulo-bulo na tara shi, ƙofofi da tagogi duk aikin hannuna ne. Na yi ɗaki kusa da ƙofa na ce na Gwaggo ne. Ta zo ta duba, ta yaba, ta ce a zuba buhunan kalwa a ciki, ita tana da ɗakinta.

Ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma har bazararta ta ƙarshe ita ke nuna reshen da za a fara. A waccan bazarar, da aka gama kaɗa, ta sa aka kira mai unguwa da dattawa biyu gindin itatuwan. Uwani ta zama budurwa a lokacin. Gwaggo ta kama hannunta ta ɗora a jikin ta tsakiya, daidai inda dattijon nan ya dafa ranar rabon gado.

"Ku shaida. Yadda Baba ya ba ni, haka na ba takwarata. Ƙasa ta ubanta ce, ba ruwana. Waɗannan nata ne. Takwara, ko aure ya yi daɗi ko bai yi ba, kina da abin miƙa wa mutum."

Ta ba ta gorar. Kafin kaka Gwaggo ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Yau in na tsaya a gonar ba na ganin Kufena sai na matsa can kusurwa, benaye sun tare. Fadama tana nan, rake yana nan, tafki ya ragu amma balbelu ba su daina zuwa ba. Ɗaliban da aka ce ba za su zauna kusa da jemagu ba, su ne ke shimfiɗa tabarma a inuwar ɗorawar suna karatu da rana, har sukan gaishe ni da Turanci in amsa da Hausa. Ina noma masarata, ina cin sabuwa gasasshiya a gindin itacen da kakana ya sani. Ban ga abin da na rasa ba wanda zai hana ni barci. Mahaifiyarku tana nan da ranta, ku tambaye ta. Za ta ce muku har gobe ban kyauta mata ba, kuma ba zan yi mata musu ba. Amma ku tambaye ta daddawar wa ke cikin miyar da kuka sha ranar sallah.

Saura ƙusa ta ƙarshe. In na mutu, a raba ƙasar yadda addini ya ce, kowa ya yi abin da ya ga dama da rabonsa, ban ɗaure kowa ba. Amma ɗorawa uku ba sa cikin gadona, don ba a gadon abin da mamaci bai mallaka ba. In kuna son a sare, ku shirya ku je Basawa gidan yayarku Uwani. Ku cire takalmi, ku gaishe ta har ƙarshen gaisuwa, ku faɗi bukatarku a jere. Na san ta, jinin Gwaggo ce, kuma ku ƙannenta ne. Za ta ce muku to.

In ta faɗa, kada ku tashi da sauri. Ku jira bazara, ku je ku zauna a kan kunya, ku ga abin da za ta yi da gorar.